Yadda ake shirya wa ƙungiyar mata tafiyar ƙarshen mako zuwa Pilgrim's Rest, tsohon ƙauyen zinari

Salam 'yan uwa mata. Tun da muka dawo daga tafiyarmu ta ƙarshe ake ta tambayata wai ya muke yi mu kwashi mata sha huɗu daga Johannesburg mu kai su Pilgrim's Rest mu dawo ranar Lahadi ba rigima ba asarar kuɗi, toh na ga gara in rubuta gaba ɗaya kowa ta amfana. Sau biyar kenan ina jagorantar tafiyar nan da matan adashenmu, abin da zan faɗa duk na gani da idona.

Ga wacce bata san wurin ba, Pilgrim's Rest ƙaramin ƙauye ne cikin duwatsun lardin Mpumalanga a nan Afirka ta Kudu. A 1873 wani mutum mai suna Alec Patterson, wanda ake wa laƙabi da mai baro saboda a baro yake tura kayansa, ya tsinci zinari a rafin wurin ya yi shiru da bakinsa, sai wani William Trafford shima ya gano, labari ya bazu, kafin ki ce me mutane wajen 1,500 sun cika kwarin da tantuna. Daga baya kamfani ya karɓe haƙar, aka ci gaba har farkon shekarun 1970 da aka rufe ramin ƙarshe na wancan zamanin, a 1986 kuma gwamnati ta mayar da ƙauyen gaba ɗayansa wurin tarihi. Shi yasa gidajen kwanon da katakon suke nan yadda suke tun da. Abu ɗaya da nake so ki riƙe tun yanzu: yawancin motocin yawon buɗe ido minti arba'in suke tsayawa a ɗauki hoto a wuce, wannan ba zuwa bane. Ki ba ƙauyen safiya guda cikakkiya, duk sauran tsarin a kan wannan zaki gina shi.

Kayan da za a tanada

Na ƙungiya: littafi ɗaya na lissafi da biro, ambulan na tsabar kuɗi ƙanana, kula babba biyu da ƙanƙara, flas na ruwan zafi, buta aƙalla uku, darduma ko babbar tabarma, akwatin magani (na ciwon kai, na amai da jiri, na gudawa, filasta, man zafi), tocila, igiyar soket mai baki da yawa don cajin waya, ledar shara, tukunya ɗaya babba idan masaukin ƙananan tukwane gare shi, kuma yawanci haka ne.

Na kowace mace: fasfo ko takardar zama ta asali, suwaita mai kauri, safa, takalmi kambas mai kama ƙasa, lema ko rigar ruwa, hijabi wanda bai ja ƙasa ba, zani ɗaya na banza wanda ba za a ji haushi ba in ya jiƙe da laka, fawa bank, da maganinta in tana shan na hawan jini ko suga. Dan Allah ki ce musu jaka ɗaya ƙarama. Kwana biyu ne ba biki ba, akwatin da ya kai na lefe babu inda zai shiga a bas.

1. Ku tsayar da rana da adadi

Ki fara wata biyu kafin tafiya. Watannin Afrilu da Mayu ko Agusta da Satumba sun fi, sama a buɗe take. Daga Oktoba zuwa Maris damina ce a can, hazo yana sauka ya rufe duwatsun ki tsaya a bakin kallo ko hannunki baki gani sosai. Yuni da Yuli kuwa sanyi ne mai shiga ƙashi, in akwai dattijai a cikinku ki yi tunani. Ki kauce wa hutun Ista da hutun makaranta na Disamba, ɗaki tsada hanya cunkoso.

Adadi kuma motar ce zata faɗa miki. Bas ɗin Quantum da ake haya in kin cika kowace kujera da mutum, kula da jakunkuna a cinya za su zauna awa biyar. Ni ina barin kujera biyu ko in ce a haɗo da ƙaramar tirela. Kowacce ta gama magana da maigidanta ko iyayenta kafin ta sa suna, ba sai an biya kuɗin ɗaki a zo ana cewa Alhaji bai yarda ba. Akwai 'yan uwan da ba sa tafiya sai da muharrami, ki girmama wannan, mu abin da muke yi shine mijin ɗaya ko ƙaninta ya biyo mu, a kama masa ɗaki daban shi da direba.

2. Maganar kuɗi, nan ne ƙungiya take watsewa

Kar ki riƙe kuɗi ke kaɗai ko da kece kika kawo shawarar. A zaɓi ma'aji daban, a zaɓi ta uku mai duba littafi. Ki lissafa mota da mai, tolget na kan babban titin N4, masauki dare biyu, cefane, kuɗin shiga wurare, ɗakin direba da abincinsa, sai ki ɗora kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana, ki raba da adadin mutane. Farashi yana canzawa duk shekara don haka ki kira ki tambaya da bakinki, kuma ki tambaya ko kuɗin shiga na baƙo ɗaya ne da na ɗan ƙasa.

A biya kashi biyu, rabi wata guda kafin tafiya sauran sati ɗaya kafin. Kuma a faɗa a fili tun ranar farko, a rubuta a guruf ɗin WhatsApp: wacce ta fasa bayan an ba da kafin alƙalami kuɗinta na farko ya tafi, sai dai in ta kawo madadinta ko lalura ce ta rashin lafiya ko rasuwa, wannan ƙungiya ta zauna ta duba. Tafiyarmu ta biyu bamu faɗi haka ba, mutum uku suka janye ana jibi tafiya, sauran suka cike giɓin da ɓacin rai, wallahi sai da aka yi wata biyu wasu ba sa gaisawa da kyau. In akwai wacce kika san tana so amma hannunta bai kai ba, ku yi magana da ma'aji a sirrance a cire mata daga asusun adashe, ba sai kowa ya ji ba.

3. Masauki

Zaɓi biyu ne. Ko ku kwana cikin ƙauyen, akwai Royal Hotel mai ɗakuna irin na zamanin da, gadon ƙarfe da bahon wanka mai ƙafa, ko ku kama gida mai kicin a garin Graskop wanda bai kai kilomita 20 daga can ba. Ni Graskop nake zaɓa wa ƙungiyar mata, dalili kuwa abinci. Cikin ƙauyen da yamma tayi komai ya rufe, kuma naman halal ba abin da zaki dogara da samu bane. A Graskop akwai kanti, gidan mai da na'urar cire kuɗi. In Graskop ta cika ki nemi Sabie, ta ɗan fi nisa amma ba laifi.

Kafin ki tura ko sisi ki tambayi gado nawa ne na gaske, don wasu suna lissafa kujerar falo a matsayin gado. Banɗaki nawa? Mata sha huɗu da banɗaki biyu ga alwalar asuba, kin san me zai faru. Akwai hita ko bargon lantarki? In an ɗauke wuta akwai murhun gas? Akwai wurin ajiye bas a cikin gida? Ki nemi su turo miki komai a rubuce, kuma ki tabbata lambar asusun da zaki biya ta masaukin ce, ki kira lambar da kika samo da kanki ki tabbatar, damfarar masauki ta intanet tana nan sosai.

4. Mota da direba

Ki nemi direba mai takardar izinin ɗaukar fasinja, wacce ake kira PrDP, ki gani da idonki ranar ƙarewarta. Ki tambaye shi ya taɓa bin hanyar dutse? Ki duba tayoyi har da safaya. Ku yi yarjejeniya a rubuce cewa kuɗin ya haɗa da zirga-zirgar ranar Asabar, in ba haka ba kuna isa zai ce shi kawowa da mayarwa kawai aka yi da shi. In baku kai goma ba motoci biyu na gida sun isa, amma su tafi a jere kuma kowace mota ta san inda za a tsaya.

5. Abinci

Ki yi cefanen nama a unguwar Fordsburg ko Mayfair cikin Johannesburg ranar Alhamis, a soya kaji a daren, a yi miyar ja mai yawa a daskarar da ita, ita kanta sai ta zama ƙanƙara a cikin kula. Shinkafa, taliya, ƙwai, burodi, kayan shayi, yaji. Dambun nama da cincin na hanya. A raba aiki tun daga gida, uku abincin daren Juma'a, uku karin kumallo, haka haka, kar a bar wa mutum biyu kicin sauran suna hoto. In za ku ci a waje, kifin da ake kira tirawut shine abincin yankin, kuma Graskop ta yi suna da fankek, ku zaɓi na zaƙi ko na ganye, ku tambaya ko a kasko ɗaya ake soya shi da naman alade. Ba kunya a tambayar nan.

6. Ranar Juma'a, hanya

Ku tashi ƙarfe 8 na safe, kice musu 7. Tafiyar tsakanin kilomita 360 ne zuwa 400 ya danganta da hanyar da kuka bi, da tsaye-tsaye ku sa awa shida. Hanyar da muka saba: N12 zuwa eMalahleni, a hau N4 a wuce Middelburg, a tsaya a Alzu a yi fitsari a miƙe ƙafa, a bayan ginin akwai fili da ake ganin namun daji kamar ɓauna da jimina kuna tsaye, matan suna jin daɗin wurin ƙwarai har sai kin kore su. Daga nan a sauka a Belfast a bi R540 ta Dullstroom zuwa Mashishing, tsohon sunansa Lydenburg. A nan ku sha mai ku yi azahar da la'asar a haɗe da ƙasaru. Sai R36, sai a karya dama a hau R533 ta kan Robber's Pass, wato mashigar 'yan fashi ta cikin duwatsu, wanda ya samo sunansa daga fashin da aka yi wa keken doki mai ɗaukar dukiyar ma'adinin a 1899 da kuma 1912. Hanyar ta ratsa ta Pilgrim's Rest ɗin kanta sannan ta haura Graskop, kar ku tsaya yau, ku leƙa ta taga kawai.

Gargaɗi babba: kar dare ya same ku tsakanin Dullstroom da Graskop. Ramuka ne a titin masu fasa taya, ga kwana-kwana, ga manyan motocin katako, ga hazo, ga wuraren da sabis ɗin waya yake ɗaukewa. Sati ɗaya kafin tafiya ki kira masaukin ki tambaye su wace hanya ce ta fi kyau yanzu, su suka sani. In sun ce ta lalace ku zarce a N4 ku shigo ta Sabie, ta fi tsawo amma hankali kwance. Masu jiri su zauna gaba su sha magani rabin awa kafin hawan dutse, ba bayan amai ya fara ba. In mafi yawanku ma'aikata ne ba za su samu Juma'a ba, ku tashi Asabar bayan asuba, ku mayar da ƙauyen safiyar Lahadi ku haƙura da sauran wuraren.

Alƙibla daga can arewa ce a ɗan karkata gabas kaɗan, ba gabas ba kamar yadda muka saba a gida. Na sha ganin sabbin zuwa sun shimfiɗa darduma suna fuskantar fitowar rana.

7. Safiyar Asabar, cikin ƙauyen

Ku isa ƙarfe 9 kafin manyan motoci. Ƙauyen titi ɗaya ne dogo, kashi biyu, na sama da na ƙasa, da ɗan tazara a tsakani. Ku fara da na sama, a ofishin bayanai, a nan ake sayen tikitin gidajen tarihi kuma a nan zaki ji wanne ke buɗe yau da lokacin da mai zagayawa da baƙi zai fara. Ki kira su tun sati ɗaya kafin ki ce ƙungiya ce, don gine-ginen na gwamnatin lardi ne kuma gaskiya kulawar ta yi rauni, wani lokacin ki tarar da wani a rufe. Kuna fakin samari za su zo su ce za su yi gadin mota ko su wanke ta, mutum ɗaya ta yi magana da su, a faɗi eh ko a'a da farashi tun kafin a bar wurin. Da mutunci ake yi, aikin yi ne babu a garin.

Tsarin da na ga ya fi shine a fara da wurin wankin zinari tun da ƙarfi a jiki. An sake gina sansanin masu haƙa na farko da tantuna da kwatamin katako da ake bi da ruwa, mai bayani zai nuna muku sannan a miƙa muku kwanon wanki. Ki ɗebi yashi kamar rabin kwano ki nutsar da shi cikin ruwa, ki murje dunƙulen laka da yatsu ki tsince manyan duwatsu. Sai ki girgiza hagu da dama da ƙarfi kwanon na cikin ruwa. Sirrin kenan, zinari ya fi ruwa nauyi sau 19, yashi kuwa bai kai sau 3 ba, duk girgizar da kika yi zinarin ƙasa yake nitsewa. Sai ki ɗan karkata bakin kwanon gaba ki bar ruwa ya lashe na saman kaɗan kaɗan, ki daidaita ki sake girgizawa, ki sake karkatawa, har ya rage baƙin yashi kamar cokali biyu. Ki zuba ruwa kaɗan ki juya a hankali, in akwai rabo zaki ga ɗigon rawaya ya maƙale a gefe baya motsi. Duk macen da ta taɓa rege shinkafa ko gero a ƙwarya ta riga ta iya, hannu ɗaya ne, bambancin kawai a nan abin da ya kwanta a ƙasa shi ake nema. Wata dattijuwa a cikinmu mai bayanin da kansa ya tsaya yana kallon hannunta. Kuskuren da ake yi gaggawa ce, a karkata da yawa a zubar da komai lokaci ɗaya. Kuma ba duk mai ƙyalli bane, akwai wani dutse mai kama da shi, in kin danna shi da tsinke ya farfashe ba shi bane, zinari lanƙwasa yake ya baje.

A wurin nan ne kullum hira take juyawa gida. Akwai 'yar Zamfara a cikinmu, ita ta tuna mana 2010 lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta, saboda ana kawo dutsen zinari cikin gida ana daka ana niƙa, mata na aikin yara na wasa cikin ƙurar. Kowa ta yi tsit. Ki bar irin wannan hirar ta yi, kar ki katse ta don sauri.

Daga nan ku je Alanglade, gidan manajan kamfanin da aka gina a 1915, yana ɗan wajen gari sai da mota, kuma da mai zagayawa ake shiga a lokuta ƙayyadaddu. Ku kalli kicin ɗin da ɗakin yara da kyau, ku tambaya su waye suke dafa abincin suke wankin, ina suke kwana. Ni kullum sai na yi tambayar nan, domin labarin da ke jikin allunan yawanci na Turawa ne, alhali baƙaƙen fata ne, da yawa daga Mozambik, suka shiga ramukan. Masu bayanin 'yan garin ne, wasu kakanninsu sun yi aikin, in kin tambaya da girmamawa za su buɗe miki baki ki ji abin da babu a rubuce.

Sauran kuma gwargwadon lokaci: kantin Dredzen da aka jera masa kaya irin na shekarun 1930 zuwa 1950, gidan buga jarida da tsofaffin injinansa. A nan garin ne kuma aka buga wasu 'yan sulallan zinari da hannu a 1902 lokacin yaƙin Turawan Afirka ta Kudu da ake kira Boer da Ingila, ba su kai 1,000 ba. Akwai ɗakin da ake nunawa a Royal Hotel wanda asalinsa coci ne aka kwance shi aka kawo, yanzu mashaya ce, ki faɗa wa mata tun kafin su shiga. Maƙabarta tana kan tudu, a can ne kabarin wani da aka ce an kama yana sata a tantunan masu haƙa yake, shi ya kalli kudu da arewa sauran suna gabas da yamma. Hawan da wuya kuma ba kowa ke son shiga ba, kar ki matsa wa kowa, masu ciwon gwiwa su zauna su sha shayi.

8. Abin da ba a yi

Kar wacce ta sayi zinari a hannun wani a gefen titi komai arharsa. Dokar ƙasar ta hana riƙe ɗanyen zinari ba lasisi, mu kuma baƙi ne, takardar zamanki zata iya tafiya a kan ɗan ƙwaya ɗaya, in ma ba tagulla aka sayar miki ba. Kar a bi rafi ko a shiga daji neman wurin hoto, akwai tsofaffin ramuka a buɗe kuma akwai masu haƙar bayan fage da ake kira zama zama a duwatsun yankin. Ku bar gwala-gwalanku a gida. A yi tafiya bibbiyu, a ƙirga kai duk lokacin da za a hau mota, da suna ba da ido ba. Matan da ke sayar da gyaɗar makadamiya da tsakiya da zannuwa a bakin titi, ku saya a wurinsu, ku yi ciniki amma kar ku karya su, kuma ku nemi izini kafin ku ɗauke su hoto.

9. Yammacin Asabar da Lahadi

Ku koma Graskop ku ci abinci ku yi sallah. In sama a buɗe take ku tafi God's Window, wurin kallon kwari daga saman dutse, nan take, kamar kilomita 10 ne, kar ku ce sai gobe don hazo baya sallama. In ya rufe ku je magangarar ruwa ta Lisbon ko Berlin, su ko da hazo ana gani. Ku riƙe ledar abinci da kyau, birai suna fizga. Bourke's Luck, inda ruwa ya fafe dutse kamar turame, shima sunan wani mai neman zinari ne Tom Bourke, yana da nisan kilomita 35 haka, sai in kun ga lokaci ya isa. Kar ki cusa wuri biyar a yini ɗaya, matan za su gaji su fara faɗa a kan kujerar taga.

Daren Asabar bayan isha'i a zauna a karanta lissafi kowa na ji, rasit a kan tabarma, abin da ya rage na ko-ta-kwana a yanke a nan ko a raba ko a zuba a asusu. A haɗa wa direba da mai share gidan ɗan ihsani a ambulan. Hotuna kuma kar wacce ta ɗora na ƙungiya a Facebook ko status sai ta tambayi duk wadda fuskarta ta fito.

Lahadi a wanke kwanuka, a kwashe shara, a ɗauki hoton ɗakunan yadda kuka bar su saboda kuɗin ajiyar da masaukin ya riƙe, a bar Graskop kafin ƙarfe 10. N4 tana cika da yammacin Lahadi da masu dawowa daga gandun dajin Kruger da Mozambik, in kun wuce Middelburg kafin ƙarfe 2 za ku yi magariba a gida in sha Allah.